Shajarar Isnadi da Kayan Zanen Manhajojin Ofis: Gwaji a kan Hanyoyin Hadisin Niyya don Amfanin Ɗaliban Madina

Tsakure

Ɗalibin hadisi da ke rubuta risala yakan kai inda bayani da baki ba ya isa, sai ya zana shajarar isnadi. Kayan aikinsa a yau su ne akwati da layi da kibiya da ke cikin Word da 'yan'uwansa. Wannan maƙala ta ɗauki hanyoyi bakwai da Imam Bukhari ya ruwaito hadisin niyya da su, ta zana su ta hanya uku, domin a ga inda kayan zanen ke taimakon ilimi da inda suke sa takarda ta faɗi abin da malamai ba su faɗa ba. Abin da ya bayyana shi ne cewa isnadi ba bishiya ba ce tsantsa, kuma duk kayan zanen da aka gina a kan siffar bishiya sai ya tauye shi.

Gabatarwa

An kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 1381 ta Hijira, wato 1961, aka kuma buɗe Kulliyar Hadisi a cikinta a 1396, daidai da 1976. Hausawa daga Nijeriya da Nijar da Gana sun daɗe suna karatu a can, da yawansu kuma sun dawo suna koyarwa a Kano da Sakkwato da Zariya da Yamai. Wanda ya kai matakin majistir ko daktora a fannin hadisi ba shi da makawa daga takhriji: tara hanyoyin hadisi, gano madarinsa, wato mutumin da dukkan hanyoyi ke komawa gare shi, sannan nuna inda maruwaita suka saɓa.

Tunanin ba sabo ba ne. Hafiz al-Mizzi, wanda ya rasu a 742 ta Hijira, ya tsara Tuhfatul Ashraf ne a kan jera hanyoyi ƙarƙashin sahabi da waɗanda suka ɗauka daga gare shi, sai dai da rubutu ya yi, ba da hoto ba. A Turai, Joseph Schacht a littafinsa na 1950, da G. H. A. Juynboll bayansa, sun yi amfani da zanen isnadi wajen kafa hujjojinsu, Muhammad Mustafa al-A'zami kuma ya mayar wa Schacht da martani a 1985. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zanen hujja ne, ana iya kafa da'awa da shi, ana iya rushe ta. Amma a wajenmu har yanzu ana ɗaukarsa aikin ado ne da ake barin sa sai daren da za a kai wa mushrif babi.

Hanyar bincike

Na zaɓi hadisin niyya saboda dalili biyu. Na farko, gindinsa na Madina ne kaf: Sayyidina Umar ya faɗe shi a kan mumbari, Alƙama ɗan Waƙƙas al-Laisi ya ji, Muhammadu ɗan Ibrahim at-Taimi ya ɗauka daga Alƙama, Yahaya ɗan Sa'id al-Ansari ya ɗauka daga Muhammadu. Na biyu, siffarsa tana gwada kayan zane sosai, domin yana tafiya siriri kamar zare har zuwa Yahaya, sannan ya watsu.

Bukhari ya kawo shi a wuri bakwai ta hannun almajiran Yahaya biyar. Daga Sufyanu ɗan Uyaina akwai Humaidi. Daga Malik akwai Ƙa'anabi da Yahaya ɗan Ƙaza'a. Daga Sufyanu as-Sauri akwai Muhammadu ɗan Kasir. Daga Hammadu ɗan Zaid akwai Musaddad da Abun Nu'uman. Daga Abdulwahhab as-Saƙafi akwai Ƙutaiba ɗan Sa'id. In aka lissafa tun daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa Bukhari, ana buƙatar akwati 18 da layi 23.

An zana wannan sau uku: da SmartArt, da sakakkun siffofi a kan shafin Word, da kuma siffofi a cikin allon zane na Word tare da kwatanta su da LibreOffice Draw. A kowane zane an matsar da akwatin Malik gefe, an ƙara sakin layi a saman shafin, sannan an shigar da Imam Muslim, wanda shi ma ya ruwaito hadisin daga Ƙa'anabi daga Malik.

Abin da SmartArt ya yi

SmartArt ya shigo ne da Office na 2007, kuma shi ne abin da ɗalibi ke fara miƙa hannu gare shi, don yana da sauƙi. Ka rubuta sunaye a jere, ka tura wani ƙarƙashin wani, akwatuna su jeru da kansu. Yana ma da maɓallin da ke juya zanen ya faro daga dama, abin da mai rubutun Larabci ke so.

Matsalar tana cikin ƙashin ginin. An tsara shi ne don jadawalin ma'aikata, inda kowane ma'aikaci shugaba ɗaya gare shi. Bishiya mai akwati 18 layi 17 kawai take ɗauka, mu kuwa 23 muke da su. Ragowar shidan nan su ne malaman Bukhari da manhajar ba ta yarda ya haɗa su ba. Dole aka maimaita akwatin Bukhari sau bakwai, akwatuna suka zama 24. Wani zai ce ai babu laifi, mai karatu ya san Bukhari ɗaya ne. A hadisin niyya haka ne. Amma a hadisin da maruwaici ɗaya ya ji daga malamai biyu a tsakiyar isnadi, maimaita sunansa yana ɓoye abin da ake nema ɗin, wato cewa hanyoyi biyu da ake zaton masu zaman kansu ne a wuyan mutum ɗaya suke rataye. Zanen sai ya nuna ƙarfi inda babu shi.

Sakakkun siffofi da allon zane

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi gani. A Word na Larabci ɗalibi ya shiga Idraj, ya zaɓi Ashkal, ya ja akwati, ya ja kibiya. A ido zanen ya yi kyau. Da aka matsar da Malik sai layukansa uku, na Yahaya al-Ansari da na Ƙa'anabi da na ɗan Ƙaza'a, suka tsaya cik a inda suke, suna nuna fili. Dalili kuwa shi ne a cikin Word layin haɗi ba ya maƙale wa siffa sai in su biyun suna cikin allon zane, wanda yake a ƙarshen jerin siffofin, inda ido ba ya saurin kai wa. A wajen allon, layin kusa da akwati kawai yake, bai kama shi ba.

Ƙarin sakin layi ya fi wannan ɓarna. Kowace siffa sakakkiya tana ɗaure ne da wani sakin layi, kamar akuya da turke. Siffa 41 ke nan, kowace da turkenta, kuma ba lalle turken ya zama ɗaya ba. In rubutu ya motsa, wasu su bi shi zuwa shafi na gaba, wasu su tsaya. Na taɓa ganin wannan da idona a wani shagon buga takardu, kwana biyu kafin munaƙashar wani ɗan'uwa: an buɗe fayil ɗinsa a wata kwamfuta, rabin shajarar ya gangara shafi na gaba, kibiyar da ta fito daga wani tabi'i ta sauka a kan sunan mutumin da aka haifa bayan rasuwarsa. Ba don ɗan'uwan ya tsaya ya duba shafi-shafi ba, da ya kai wa malamai isnadin da bai taɓa wanzuwa ba.

A cikin allon zane abin ya canja. In ka kai bakin layi kusa da akwati, ɗigogi na bayyana a gefunansa, ka sauke shi a kan ɗaya, ya kama. Aka ja Malik, layukansa suka bi shi. Allon gaba ɗaya kuma turke ɗaya gare shi. LibreOffice Draw, na manhajar kyauta da ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, yana yin wannan tun asali: kowace siffa tana da ɗigon maƙalewa huɗu, kana iya ƙara naka. Wannan ya yi amfani a akwatin Bukhari, inda layi bakwai ke sauka a gefe guda; da aka ba kowanne ɗigonsa sai ido ya iya bin sa har tushe. Shigar da Muslim ma bai ɗauki komai ba, akwati ɗaya da layi ɗaya daga Ƙa'anabi.

Faɗin takarda da salon haruffa

Nan lissafi ne kawai. Takardar A4 faɗinta santimita 21. In an bar biyu da rabi a kowane gefe, saura 16. Malaman Bukhari bakwai a layi ɗaya, kowanne bai kai santimita biyu da sulusi ba, ko da babu rata tsakaninsu. Sunan Abdullahi ɗan Maslama al-Ƙa'anabi ba zai shiga nan da manyan haruffan da ake rubuta risala da su ba. Ko dai a kwantar da shafin ya zama 29.7, wanda ke buƙatar a yanke masa sashe na kansa, ko a rage sunaye.

Rage sunan nan kuwa shi ne tarko mafi haɗari da gwajin ya tono. A wannan shajara akwai Sufyanu biyu da Yahaya biyu da Muhammadu fiye da biyu. Bukhari kansa Sufyanu kawai ya ce a wuraren biyu. Masu sharhi ne suka fayyace cewa na Humaidi ɗan Uyaina ne, na Muhammadu ɗan Kasir kuma as-Sauri ne. Ɗalibin da wuri ya ƙure wa, ya ga Sufyanu sau biyu, yana iya haɗe su a akwati ɗaya ya ji daɗin samun fili. Ya mayar da almajiran Yahaya biyar sun koma huɗu ke nan, kuma ba wani jan layi da manhaja za ta yi masa.

Salon haruffa ma yana da nasa. Akwati ba ya ɗauke da haruffansa, sunan salon kawai yake riƙewa. In an rubuta da Traditional Arabic, ko da haruffan Usman Ɗaha da Cibiyar Sarki Fahad ta Buga Alƙur'ani da ke nan Madina ta fitar, sannan aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da su, sai ta musanya da wani salon mai faɗi, ƙarshen sunan ya faɗa ƙasan akwati ya ɓace. Sau da yawa nasabar ce ke ɓacewa, ita da ke bambanta mutum da takwaransa. Wanda ya dawo gida yana son ya fassara zanen da boko zai ƙara haɗuwa da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ba kowane salo ke da su ba, ga kuma rikicin rubutun dama da na hagu a akwati ɗaya. Maganin da ya tsaya a gwajin shi ne a ajiye zanen na asali don gyara, a kai wa mai bugawa PDF.

Abin da layi ke faɗa

Saura tambayar da ta fi damuna, wadda ba ta injin ba ce. Maɓallin daidaita siffofi yana jera akwatuna a sahu ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma sahu a idon mai karatu tsara yake nufi. To as-Sauri ya rasu a 161 ta Hijira, Malik da Hammadu a 179, Abdulwahhab a 194, ɗan Uyaina a 198. Shekara 37 ke tsakanin na farko da na ƙarshe. Sahun gaskiya ne ta fuskar cewa duk daga Yahaya suka ɗauka, amma ya shafe tsawon rai, wanda shi ne sirrin isnadi mai ɗaukaka. Rubuta shekarar rasuwa da ƙananan lambobi a ƙasan kowane suna ya gyara wannan ba tare da an wargaza sahun ba.

Sai lafazin ɗauka. A hanyar Humaidi kowane mataki da lafazin ji ko bayarwa kai tsaye ya zo, tun daga Sufyanu har Umar. A hanyar Ƙa'anabi da ke Kitabul Imani kuwa, daga Malik zuwa sama da an'ana aka tafi, wato lafazin "daga wane" da bai fayyace ji ba. Kibiya ba ta san wannan bambanci ba, duk iri ɗaya take fitowa. A hadisin niyya babu fargaba, tunda jin ya tabbata. Amma in da mudallisi a hanya, wato mai ruwaito abin da bai ji ba da lafazin da ke sa a zaci ya ji, hukuncin hadisin gaba ɗaya yana iya rataya a kan wannan kalma guda, kuma zanen da ya yi shiru a kanta ya yanke hukunci ne a ɓoye. Kayan zanen suna da abin da ake buƙata: layi cikakke ga ji, layi mai tsinke-tsinke ga an'ana. Launi ba abin dogaro ba ne, don yawancin risaloli da baƙin tawada ake buga su.

Ko da haka wuri ɗaya ya gagara. Layin da ke tsakanin Yahaya da Muhammadu ɗan Ibrahim guda ɗaya ne a takarda, alhali hanyoyi bakwai ne suka bi ta kansa, wasu da ji, wasu da an'ana. Na gwada jera layuka bakwai gefe da gefe, gindin shajarar ya zama kamar damin kara, siririn zaren nan da shi ne alamar hadisin ya ɓace. Abin da na tsaya a kai shi ne layi ɗaya cikakke, da ƙaramar lamba a gefensa, lambar kuma ta kai mai karatu ga bayani a ƙasan zanen cewa jin ya tabbata ta hanyar Humaidi daga ɗan Uyaina, a hadisi na farko na Sahihul Bukhari.