Tarihin Aikin Yanar Ido a Kano

Yanar ido cuta ce ta wata 'yar ƙwaya garau da ke bayan baƙin ido. Aikinta tattara haske ta sauke shi kan shimfiɗar jijiyoyin da ke ƙuryar ido, daga nan saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe a jiki, sai ta dushe, mutum ya riƙa ganin hazo har ya kasa shaida fuskar jikansa.

Kafin zuwan asibiti, masu aikin ido na gargajiya ke bin gari-gari. Sukan soka allura ta gefen ido su ture ƙwayar ta faɗa ciki. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ƙirga yatsu, dangi su yi ta hamdala. Sai dai ganin dishi-dishi ne, kuma sau da yawa kumburi ko hawan jinin ido kan biyo baya, lokacin mai allura ya daɗe da barin gari.

A wasu ƙasashe kuwa, tun wajen shekara ta 1000 Ammar al-Mausili ya zuƙe yanar ido da allura mai rami a Masar. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya cire ƙwayar daga ido, a 1949 kuma Harold Ridley ya dasa ta roba a Landan.

A Kano, Dokta Douglas Hursh na mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a 1943, wanda yanzu ke hannun cocin ECWA, kuma har daga Nijar akan zo. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, ya fara zama a Asibitin Murtala kafin ya tare a titin Zariya, Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a 1996. Nan ake horar da likitocin ido. Aikin yanar ido a asibiti bai cika kai awa guda ba: a kashe zafin ido, a ɗan tsaga, a fitar da ƙwayar, a sa ta roba, washegari a kwance bandeji.

Duk da haka allura ba ta yi ritaya ba. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta a Najeriya, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda ita na masu allura ne. Ba duka jahilci ba ne: mai allura har ƙofar gida yake zuwa, asibiti kuwa sai da kuɗin mota da ɗan rakiya.