Kula da Tsohuwar Mota: Tsakanin Garajin Kamfani da Makanikin Unguwa

Mafi yawan motocin da kake gani a titunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba sabbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru suna aiki a Turai, Amurka ko Japan kafin su ƙetaro teku. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 waɗannan ƙasashe sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Shekara da shekaru motocin Nijar da kayan gyaransu suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su shigo ta Gaya. Da aka rufe wannan iyaka a 2023, ƴan kasuwa suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, wadda ta fi tsawo.

Ga direban taksi, ko ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, ko ƙungiyar da ta haɗa kuɗi ta sayi motar kai marasa lafiya asibiti, mota ita ce jari. Ranar da ta kwana a garaji, tukunyar gida ma tana iya kwana a kife. Saboda haka ya kamata ka san inda za ka kai ta, da abin da za ka tambaya, da abin da za ka rubuta.

Mene ne garajin kamfani?

Garajin kamfani shi ne wurin gyara na dillalin da masu ƙera mota suka ba izinin sayar da motocinsu a cikin ƙasa. Ma'aikatansa sun samu horo a kan samfurin motar, suna da na'urar bincike, kuma kayan gyaran da suke sawa na asali ne. Idan ka sayi sabuwar mota a wurinsu, ana ba ka garanti, wato alkawarin gyara kyauta idan aibin daga ƙira ne. Sau da yawa garantin na shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Tsohuwar motar da ta zo ta teku, galibi garantinta ya daɗe da ƙarewa. Kai ne za ka biya kome.

Abubuwan da ke ɓata wa masu mota rai

Na farko shi ne nisa. Manyan garajojin kamfani a Yamai suke. Daga Tawa tafiyar ta haura kilomita 500, daga Maraɗi ta haura 600, daga Damagaram kuwa ta kusa 900. Kafin a taɓa motar ka riga ka kashe kuɗin mai, da na abinci, da na masauki.

Na biyu shi ne tsada. Kamfani yana lissafin aikin hannu da awa, yana biyan albashi da haraji da kuɗin kwastan, kuma duk wannan yana shiga cikin takardar da za a miƙo maka. Ban da haka, al'adarsu ita ce canza abin da ya lalace gaba ɗayansa, ko da ƙaramin ƙarfe ɗaya ne ya ci a cikinsa.

Na uku shi ne jira. Motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka ko Turai tana iya bambanta da ƴar'uwarta da aka ƙera domin Afirka, ko da sunansu ɗaya. Sai a ce maka babu kayanta a ajiye, sai an yi odarsu daga waje. Makonni su wuce, motar tana zaune tana shan ƙura.

Na huɗu shi ne rashin bayani. Wanda ya karɓi motarka a bakin teburi ba shi ne zai kwance ta ba. Ka faɗi matsala ɗaya, a dawo maka da takarda cike da kalmomin Faransanci da jerin ayyukan da ba ka nema ba. Mutane da yawa suna biya ne cikin kunya, ba tare da sun fahimci abin da aka yi ba.

Makanikin unguwa fa?

Makanikin unguwa yana kusa da kai, yana jin harshenka, kuɗinsa da sauƙi, kuma ya iya farfaɗo da abin da kamfani zai jefar. Amma shi ma yana da nasa. Wani da kunne kaɗai yake bincike, sai ya riƙa canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinka har Allah ya sa a dace. Wani yakan bar wa yaransa masu koyo aikin da ya fi ƙarfinsu. Wani kuma yakan cire abin da bai gane amfaninsa ba, ko ya kashe fitilar gargaɗi maimakon ya gyara abin da ya kunna ta. Ga shi ba a cika rubuta kome ba, don haka idan gardama ta tashi, babu shaida sai rantsuwa.

Wane aiki za ka kai ina?

Ba dole ba ne ka zaɓi wuri ɗaya har abada. Juyen baƙin mai, canjin matatai, takalman birki, ƙafafun mota da walda, duk makaniki mai amana zai yi maka su da kyau. Amma matsalar kwamfutar mota, da giya mai sauya kanta, da jakar iska mai kare direba a lokacin hatsari, da famfon gazuwal na injunan zamani, waɗannan suna son na'ura da ƙwarewa. Motocin Amurka tun daga 1996, da motocin Turai masu shan esansi tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta fito da lambar matsala. Yanzu akwai makanikai masu zaman kansu da suka mallaki wannan na'ura. Sai dai ka sani, lambar tana nuna sashen da za a duba ne kawai. Ba ta cewa lalle a canza wani abu.

Ka'idoji shida kafin ka bar motarka a hannun kowa

1. Ka faɗi abin da ka gani ko ka ji, kada ka yanke hukunci. Ka ce: "Tana ƙara a ƙafar dama idan na taka birki." Kada ka ce: "A canza mini birki."

2. Ka nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi kafin a fara, kuɗin kaya daban, kuɗin aikin hannu daban. Idan da Faransanci ne, ka sa a karanta maka layi bayan layi. Tambaya ba abin kunya ba ce.

3. Ka gindaya sharaɗi cewa duk wani ƙarin aiki, sai an kira ka ka amince.

4. Ka rubuta lambar kilomita da yawan man da ke cikin tanki a ranar da ka ajiye motar, ka kwashe takardunka da kayanka.

5. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire, ka kuma ga kwalin sababbin.

6. Kafin ka biya sauran kuɗi, ku zagaya da motar tare da wanda ya gyara, sa'an nan ka karɓi rasit mai kwanan wata.

Abin da za ka iya yi da kanka

Rigakafi ya fi magani. Ƙasarmu tana da zafin da ke kai digiri 45 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga hanyoyin yashi da na burji. Lissafin da aka yi wa motar a Turai bai dace da nan ba. Masu ƙera motoci da kansu suna cewa a gajarta lokacin juye idan mota tana aiki cikin ƙura da zafi.

Baƙin mai: Ka duba shi kowane mako da safe, mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe. Ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Da man da aka saba sayarwa, juye a kowace kilomita 5,000 ko wata 6 shi ne abin da ya fi tsaro, tare da canza matacin mai. Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-30 ko 15W-40 ko 20W-50, suna nuna kaurin man. Ka bi lambar da littafin motarka ya faɗa. Ka guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro.

Matacin iska: Shi ne hancin inji. Idan ya toshe, mota tana rasa ƙarfi. Idan ya yage, yashi yana shiga ya cinye injin daga ciki. A lokacin hunturu ka riƙa buɗe shi kana dubawa.

Ruwan sanyaya inji: Kada ka taɓa buɗe murfin radiyeta inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙone ka. Ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa masu toshe hanyoyi. Ka yi amfani da ruwan da aka haɗa domin wannan aiki. Idan allurar zafi ta hau ja, ka tsaya nan take.

Bel ɗin cikin inji: Wasu injuna suna da bel na roba mai haƙora wanda ke daidaita motsin sassan ciki, wasu kuma sarƙa gare su. Na roba ana canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 a motoci da yawa, ko bayan shekara biyar. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, a injuna da dama ɓarnar tana kai ga kwance injin baki ɗaya. Idan ka sayi mota ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka canza.

Tayoyi: A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, a riƙa sa mata ido, domin roba tana bushewa ta tsattsage. Tayar da aka yi domin ƙanƙarar Turai ba ta jure kwalta mai zafi. Ka auna iska tayoyi suna da sanyi. Lambar da ta dace tana rubuce a jikin ƙofar direba.

Birki da batir: Ana canza man birki bayan shekara biyu, domin yana tsotsar damshi ya rage ƙarfi. Zafi yana gajarta ran batir, don haka ka riƙa share kawunansa, ka tabbatar a ɗaure yake.

Fitilu da hayaƙi: Jar fitila a gaban direba tana cewa ka tsaya, musamman mai siffar butar mai. Mai ruwan ɗorawa tana cewa ka je a duba ba da jinkiri ba. Shuɗin hayaƙi alamar inji yana ƙona baƙin mai ne. Baƙin hayaƙi alamar mai ya yi wa iska yawa. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa yana iya nuna ruwa ya shiga cikin inji.

Man sha: Man kwalba na bakin hanya yana iya ɗauke da ƙura ko ruwa, ko a gauraya shi da wani abu. Injunan zamani ba su yafe wannan. Abin da ka rage a lita, za ka biya ninkinsa a famfon mai.

Kayan gyara iri uku ne

Akwai na asali sabo, akwai na asali na hannu da aka kwanto daga wata mota, akwai kuma na kwaikwayo. A cikin na kwaikwayo akwai mai kyau, akwai jabu da aka sa a kwali mai kama da na gaske. Ƙofa, fitila ko madubi na hannu ba su da laifi. Amma birki, sitiyari, bel da matatai, ka sayi sababbi a wurin wanda ka yarda da shi, domin rai ne a kansu. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Idan za ka nemi kaya, ka tafi da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke rubuce a takardar mallaka, wato kart giriz. Da ita ake gane ainihin samfurin motarka.

Littafin mota

Duk abin da aka faɗa a sama, ɗan littafi ɗaya ne ke riƙe shi. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, ka ja layuka biyar: kwanan wata, kilomita, aikin da aka yi, wanda ya yi, da kuɗin da ka biya. Misali, idan an yi maka juye mota tana kan kilomita 182,400, ka rubuta a ƙasa: juye na gaba 187,400. Ka rubuta ranar da inshora da takardar binciken lafiyar mota za su ƙare. Ka liƙa kowane rasit a bayan littafin. Kowane mako ka ware wani abu daga abin da motar ta kawo, ko jika ɗaya ko biyu, ka ajiye domin gyara, don kada ranar lalacewa ta kai ka ga cin bashi.

Da wannan littafi, idan aka ce a canza maka abin da aka canza wata uku da suka wuce, sai ka buɗe shafi ka nuna. Idan ka sauya makaniki, sabon zai ga tarihin motar ba sai ya yi ta lalube ba. Ranar da za ka sayar da ita kuma, mai saye zai fi sakin jiki ya ba da kuɗi mai kyau. Ka fara yau: je ka duba lambar kilomitar motarka, ka rubuta ta a shafin farko.