Tarihin Borin Jinin Madarar Shanu Ga Jarirai

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Ya ce maiɗakinsa ta kwanta rashin lafiya, aka soma ba jaririnsu madarar gwangwani, sai ga amai da zawo da ƙuraje. Likita ya ce jikin yaron ne ba ya karɓar madarar shanu. Shi ne yake tambaya, wai yaushe aka san wannan ciwo, kuma yaya likitocin yara suke yi da shi?

To Malam, Allah ya ba uwa da ɗa lafiya. Abin dai ba sabo ba ne. Shekaru fiye da 2,000 da suka wuce, likitan nan na ƙasar Girka, Hippocrates, ya lura cuku yana karɓar wasu mutane, wasu kuwa ya wahalar da su. Amma maganar ba ta taso sosai ba sai da aka fara sayar da abincin jarirai mai madarar shanu a Turai, wajen shekarar 1867. Jarirai masu shan madarar suka yawaita, masu rashin lafiya saboda ita ma suka fito fili.

A 1905 wani likitan yara a Jamus, Heinrich Finkelstein, ya ba da labarin jariran da madarar shanu ta galabaitar. A 1906 kuma Clemens von Pirquet, likitan yara a Ostiriya, ya raɗa wa irin wannan hali suna "alaji". Ma'ana, jiki ne yake ɗaukar furotin, watau sinadarin gina jiki da ke cikin madarar, tamkar abokin gaba, ya shiga yaƙarsa.

Sanin ciwo daban, abin da za a ba yaro daban. A 1929 aka fito da madarar waken suya a Amurka. A 1942 aka fito da Nutramigen, wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana yadda jiki ba zai gane shi ba. Har yau irin wannan madara likitoci kan fara zaɓa wa jaririn da ba ya samun nonon uwa.

Saura babbar tambaya: yaya za a tabbatar madarar ce? Ai haƙori da tsutsar ciki da ruwa marar tsabta ma ana ɗora musu laifin zawo. A 1963 likita Armond Goldman da abokan aikinsa a Amurka suka kafa ƙa'ida: a janye madarar a ga ko ciwon ya lafa, a mayar a ga ko ya dawo. Akwai kuma gwajin jini da na fata, amma ba sa nuna irin borin da ke zuwa sannu a hankali.

Don haka har gobe ƙa'idar tana nan. Likita kan sa a janye madara mako 2 zuwa 4, sa'an nan a sake gwadawa. Amma idan yaro yana sha leɓensa ya kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, to wannan maza asibiti, kuma ba a sake gwadawa a gida.

Ga abin da za ka riƙe, Malam. Nonon uwa shi ne gaba. In ta samu sauƙi a mayar da yaro. Wani lokaci likita kan ce uwar ta dakata da shan nono da kindirmo. Nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ne, domin furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya. Madarar waken suya kuwa ba a cika ba jaririn da bai kai wata 6 ba. Kada kuma a ce tunda madara ta ƙi, a bar shi da koko zalla, nan ne tamowa ke shigowa.

Abin farin ciki, akasarin yara suna rabuwa da ciwon kafin su kai shekara 5. Watakila wata rana ku sha fura da nono a ƙwarya ɗaya. Da fatan ka gamsu.