Michael Flatley

Michael Flatley shahararren ɗan rawa ne Ba'amurke mai tushe a ƙasar Ayalan. An haife shi a ranar 16 ga Yulin 1958, ya tashi a birnin Shikago a hannun iyayensa da suka yi ƙaura daga Ayalan. Yana ɗan shekara 11 ya fara koyon rawar gargajiyar kakanninsa, wadda ake miƙe jiki a sauke hannaye, ƙafafu kuwa suna dukan daɓe da tsananin sauri. A 1975 ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe gasar duniya ta wannan rawa. Wasan Riverdance da ya jagoranta da Jean Butler a Dublin a 1994 ne ya fito da rawar idon duniya.