Lissafin "problème" da yaran da ke da galahanga

Duk wanda ya zauna lakwal ya san ranar "problème": mushe ya rubuta cewa Musa ya je kasuwa ya sayo goro, a nemo canjinsa. To akwai yaran da lamba ba ta ba su wuya ko kaɗan, labarin ne ke kayar da su. Da yawansu masu galahanga ne, abin da likitoci ke kira otizim.

Abin ba sabo ba ne. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya fitar da bayanin yara 11 masu wannan hali. Na farkonsu, Donald Triplett, yana ninka manyan lambobi da ka, amma magana takan rikita shi. Yana ƙarami, in ya ce "i", nufinsa babansa ya ɗora shi a kafaɗa, don a nan ya fara koyon kalmar. Wannan yaron dai ya girma ya yi digiri a Faransanci, ya yi aikin banki a garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ikon Allah ke nan.

Daga shekarun 1990 malamai irin su Asha Jitendra suka gyara hanyar koyarwa. Kafin yaro ya taɓa lamba, sai ya gane wane irin labari ne: abu ya ƙaru ko ya ragu? An haɗa kashi biyu ne? Ko ana gwada na wane ya fi? Kowane iri da zanensa, a cika gurabe, sannan a yi lissafi. Daga baya aka gwada ta ga masu galahanga.

Mu nan kayan ya ninku. Yaro na jin Hausa ko Tamajak a gida, tambaya ta zo da Faransanci. Takarda ta ce 500 F, uwarsa kuwa dala ɗari ta sani. Wallahi ko babba sai ya tsaya! Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram, amma yawancin azuzuwanmu ba su canza harshe ba.

Kakanninmu da ke kai hatsi Bilma da Fashi su sauyo kantu da dabino, da kayan a gabansu suke ƙirga. Malamin da ke da irin wannan yaro a aji zai iya farawa da dabino goma a faifai, jimla gajera, da kalma guda da ba a sauya mata ma'ana gobe.