George Weah: daga Clara Town zuwa fadar shugaban Laberiya

An haifi George Manneh Weah a ranar 1 ga Oktoba, 1966, ya kuma taso a hannun kakarsa a Clara Town, unguwar talakawa ta birnin Monrobiya. Bayan ya yi wa Mighty Barrolle da Invincible Eleven wasa a gida, ya koma Tonnerre ta Yaoundé a Kamaru, daga can Arsène Wenger ya ɗauke shi zuwa Monaco a 1988. Ya wuce Paris Saint-Germain a 1992, sannan AC Milan a 1995, shekarar da ya lashe Ballon d'Or da kyautar gwarzon ɗan wasan duniya ta FIFA. Shi ne ɗan wasa na farko mai wakiltar wata ƙasar Afirka da ya ci wannan kyauta. Ya ɗauki kofin Serie A sau biyu da Milan, ya yi ɗan zama a Chelsea da Manchester City da Marseille, ya rataye takalmi a Al Jazira a 2003.

Duk wannan ɗaukaka ta zo ne daidai lokacin da yaƙin basasa ke cin Laberiya. Weah ya riƙa ɗaukar nauyin tawagar ƙasar daga aljihunsa, amma bai taɓa buga gasar cin kofin duniya ba. A wasannin share fagen gasar 2002, maki ɗaya tak ya raba su da Najeriya, wadda ta samu gurbin.

Siyasa ba ta zo masa da sauƙin ƙwallo ba. A zaɓen 2005 ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da shi a zagaye na biyu, abokan hamayya kuma suka yi ta yi masa gorin ƙarancin ilimi. Ya koma makaranta a Amurka, ya zama sanatan Montserrado a 2014, sannan ya doke Joseph Boakai a 2017 da kashi 61.5 cikin ɗari. Rantsar da shi a Janairun 2018 shi ne karon farko tun 1944 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki cikin lumana a ƙasar.

Mulkinsa kuwa bai kai alƙawarinsa ba. Ya soke kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, an kuma shimfiɗa tituna, amma tsadar rayuwa ta fitar da dubban jama'a zanga-zanga a Yunin 2019. A 2022 Amurka ta ƙaƙaba wa shugaban ma'aikatan fadarsa, Nathaniel McGill, takunkumi bisa zargin cin hanci. Kotun hukunta laifukan yaƙi da waɗanda aka zalunta suka daɗe suna jira ba ta samu ba a zamaninsa, abin da bai ba da mamaki ba ga wanda ya lura da cewa tsofaffin madugan yaƙi irin su Prince Johnson na cikin waɗanda suka mara masa baya a 2017.

A Nuwamban 2023, 'yan watanni bayan juyin mulkin Nijar da na Gabon, Boakai ya kayar da shi da ratar ƙuri'u kusan dubu 20. Tun kafin hukumar zaɓe ta kammala sanar da sakamako, Weah ya kira abokin takararsa ya taya shi murna, ya kuma yi wa ƙasa jawabin amincewa da shan kaye. Ya sauka a ranar 22 ga Janairu, 2024.