Hotunan 'Yan Ƙwallon da Gara Ta Cinye

Kafin gidajen kallo su yawaita a Kankiya da Kusada, rediyo ce ke kawo mana ƙwallo. Sunayen 'yan wasa muna jin su, amma fuskokinsu a takarda muka san su: ƙananan hotuna da kalandun da 'yan kasuwa ke sarowa daga Kano, da yake Kankiya a kan hanyar Kano zuwa Katsina take.

Sana'ar ta daɗe a Turai. Kamfanin Panini na Italiya ya fara sayar da irin waɗannan hotuna a 1961, ya fitar da kundinsa na farko na Gasar Kofin Duniya a 1970. Mu kuwa abin ya kankama mana ne a 1994, da Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar, a ragar Bulgeriya. Bayan zinaren Atlanta a 1996, hotunan Kanu da Tijjani Babangida suka hau bangon shagunan aski da ɗakunan samari, yara kuma suna musayar ƙananan.

A Amurka, katin ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 ya yi kuɗi har dala miliyan 12.6 a 2022, domin an adana shi. Namu kuwa gara da yoyon damina suka gama da su. Waya ta kawo hotuna ba iyaka, amma ba za ta nuna wa jikokinmu wanda muka liƙa a bango ba. Duk mai sauran ɗaya a akwati ya killace shi, tarihin ƙuruciyarmu ne.